Ladabin aron littafi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokinka ya nemi aron littafin nan da ya fi kowanne taɓa maka zuciya, kana jin kunyar hanawa, kana kuma tsoron in ya tafi ya tafi ke nan. Ga yadda masu karatu suka saba yi.

Hanawa ba rowa ba ce idan littafin ba shi da madadi: wanda aka daina bugawa, ko wanda aka ba ka kyauta da rubutun hannun mai bayarwa, ko wanda ka cika gefen shafukansa da tunaninka. Irin wannan sai ka ce ya zo ya karanta a wurinka, ko ka saya masa nasa in da hali. In ba irin wannan littafin ba ne, ka ba shi. Amma ka rubuta sunanka a shafin farko, ka rubuta sunansa da ranar da ya karɓa a wata takarda da za ka ajiye, ku kuma yanke wa'adi tun a tsaye. Mako 2 ya isa ƙaramin labari, wata 1 ga babban littafi. Yawancin littattafan da suka salwanta ba sace su aka yi ba, rashin wa'adi ne ya sa kowa ya manta.

Shi mai aro, babban abin da ke kansa shi ne kada ya ara wa wani. Da zarar littafi ya shiga hannu na uku, babu sauran wanda zai ce alhakinsa a wuyansa yake. Ba a rubutu a littafin mutane, ko da fensir ne. Ba a lanƙwasa kusurwar shafi don alama, domin takarda tana karyewa a kan layin lanƙwasar. Siririyar takarda ta wadatar. Biro kuwa kada a cusa shi a tsakiya a rufe.

Ka duba yadda aka haɗa naka. Wanda aka ɗinke da zare yana jure buɗewa sosai. Mai laushin bango galibi gam kawai ke riƙe da shi, in aka kifa shi a buɗe ko aka naɗe bangon ta baya, gam ɗin ya tsage, shafuka su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ka faɗa masa baki da baki, ba rashin kunya ba ne. In shafi ya yage, kada ya liƙa salatif, don da daɗewa gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Ruwa ne babbar masifa. Jiƙaƙƙen littafi kan fara fumfuna cikin kwana 2. A tsayar da shi a ɗan buɗe a gaban fanka, a sa busasshiyar farar takarda bayan kowane shafi 20 ko makamancin haka, ana canzawa in ta sha ruwa. Kada a shanya a rana, kada a sa dutsen guga: bango zai kanannaɗe. Sai ya kusa bushewa a rufe shi a danne da abu mai nauyi. Shafuka masu sheƙi a raba su tun suna jiƙe, in suka bushe a manne ba sa rabuwa.

In ya lalace ko ya ɓata, mai aro ya faɗi gaskiya ya sayo wani, ba sai an tambaye shi ba. In kuma wa'adi ya cika ya ce yana son ya maimaita, ka tuna masa cewa kayan aro ba ya rufe katara, ka gaya masa sunan mawallafi da kamfanin da ya buga, ya nemi nasa.