Hukuncin nazarin ƙasusuwan da suka zama dutse da yin sallah da su

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a Sakkwato. A Kalambaina muna tsintar ƙwanson dabbobin teku a cikin dutsen da ake yin siminti da shi, malamanmu kuma suna cewa ya haura shekara miliyan 55. Gaskata wannan ya saɓa wa aƙida? In kuma na yi sallah da irin wannan ƙwanso ko ƙashi a aljihuna, sallata ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Karatunka halal ne, sallarka kuma ta yi. Amma hukunci yana bin sanin abu, don haka mu fara da yadda ƙashi yake zama dutse.

Yawancin mushe ba ya barin komai: kura da ungulu su ci nama, rana ta farfasa ƙashi. Wanda yake saura shi ne wanda laka ko yashi suka binne da wuri, a bakin kogi ko ƙasan teku, inda iska ba ta kai wa gare shi. Nama ya ruɓe, ƙashi da haƙori da ƙwanso su rage. Sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa ratsa ƙananan kofofin ƙashin yana ajiye ma'adinai har su cika, shi ya sa irin wannan ƙashi yake fin ƙashin yau nauyi. Wani lokaci ƙwanson yakan narke gaba ɗaya ya bar gurbinsa, laka ta cika gurbin ta sandare da siffarsa. A nan ko ƙwayar asalin dabbar babu.

Abin da kuke tsinta shaida ce cewa teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato. A yankin Goronyo an haƙo ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har aka sa mata suna Goronyosaurus. A Gadufawa, cikin Tenere ta Nijar, an samu kada mai tsawon mita 9 ko fiye, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna. Musulmi sun daɗe da lura da haka. Al-Biruni, tun ƙarni na 11, ya kafa hujja da ƙwanson da ake samu in an haƙa rijiya cewa hamadar Larabawa teku ce a da.

Allah Ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta (Ankabut, aya ta 20). Babu aya ko hadisi ingantacce da ya ƙayyade shekarun duniya. Ruwayar da ke cewa shekara 7,000 ce, Ibnul Ƙayyim ya lissafa ta cikin hadisan ƙarya. Kwanaki shida na halitta kuma ba dole ne su zama irin namu ba, tunda Alƙur'ani ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 (Hajji, 47) da mai 50,000 (Ma'arij, 4). Ina jin ciwo ƙwarai in na ji ana kafirta yaro a kan adadin da wahayi bai faɗa ba.

Sai dai ka riƙi adadin a matsayinsa na ƙiyasin masana. Gwajin kabon-14, wato auna shekarun ƙashi da wani sinadari da ke raguwa a cikinsa bayan mutuwa, ba ya wuce kimanin shekara 50,000, saboda rabin sinadarin yana ƙarewa duk shekara 5,730. Tsofaffin duwatsu da sinadarin yuraniyom ko fotasiyom ake auna shekarunsu, galibi a tokar aman wuta da ke sama ko ƙasa da ƙashin. Kuskure yana shiga in ruwa ya kwashe ƙashi daga tsohuwar shimfiɗa ya ajiye shi a sabuwa. Halittar Annabi Adamu (AS) daga ƙasa kuwa nassi ne yankakke, ba a barinsa don ƙiyasi.

Batun tsarki: ƙwanson teku ba shi da matsala ko kaɗan, domin Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ƙashin mushen dabbar tudu najasa ne a mazhabar Malikiyya, amma wanda ya rikiɗe ya zama dutse ya fita daga sunansa da siffarsa. Malamanmu sun ce giya in ta sandare ta zama dutse ko ta koma khalli (ruwan tsami) ta tsarkaka, kuma a kan wannan nake ƙiyasi. Ƙashin da bai rikiɗe ba, wanda har yanzu ba shi da nauyi kuma yake da maiƙo, cire shi kafin ka yi kabbara.

In kuka ci karo da ƙashin ɗan Adam, ku dakata ku sanar da hukuma, kada ku ɗauka, domin karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Haƙa a wurin da hukuma ta killace ba tare da izini ba, ko sayar da abin da aka haƙo a ɓoye, bai halatta ba.

Wallahu a'alam.