Mijina bai kai shekara 50 ba, zai iya cirar fanshonsa saboda ciwon daji?

'Yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya. Kin ce likitoci sun ce ciwon ya ci jiki, shekarunsa 43, kuna neman kuɗin magani.

Zai iya. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta hana taɓa asusun kafin shekara 50, amma ta cire wanda likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Ku nemi rahoton asibiti da takardar ritaya mai nuna rashin lafiya ne dalili, ku kai wa kamfanin da ke riƙe da fanshon. Galibi wani kaso ake bayarwa a dunƙule, sauran wata-wata.

Sai dai kada ku yi gaggawar ajiye aikin. Ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki, iyalinsa na da inshorar rai, aƙalla ninki uku na albashin shekara. Da ya yi ritaya, wannan ta faɗi. Ku zauna da lauya ku auna.

Kuma idan ya rasu, sunanki a fom ɗin magaji bai isa ki karɓi kuɗin fanshon ba, sai da wasiyya ko takardar gado daga kotu. In kamfanin ya ja ƙafa, ku kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa.