Na kasa biyan rancen mota, me banki zai iya yi mini?

Tambaya: Barista, na karɓi rance a banki na sayi mota, yau wata huɗu ke nan ban biya ba saboda an sallame ni daga aiki. Shin za a iya ɗaure ni?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka game da ɗauri, domin gaza biyan bashi ba laifi ba ne da hukuma ke gurfanar da mutum a kansa. Sashe na 11 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ya hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya sa wa hannu. Inda zance ke sauyawa shi ne idan ka sayar da motar a ɓoye alhali jingina ce, ko ka bayar da cekin da ka san babu kuɗi a asusunsa, domin nan an shiga batun zamba.

Abin da ya kamata ya dame ka yana cikin takardar yarjejeniyar rancen, wadda yawancin mutane ba sa karantawa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Galibi tana bai wa banki damar neman ragowar bashin gaba ɗaya da zarar an saɓa wa'adi, tare da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, sannan ya karɓe motar ya yi gwanjonta bisa ƙa'idar da dokar ƙasarku ta shimfiɗa. Kada ka ɗauka miƙa motar ya sauke maka nauyi: mota tana faɗuwa a daraja, kuma idan kuɗin gwanjon bai rufe bashin ba, banki zai bi ka cikon a kotu, ya kuma bi wanda ya tsaya maka. Idan an samu rara, taka ce. Sunanka ma zai iya shiga rajistar masu taurin bashi, abin da zai wahalar maka da samun rance nan gaba.

Shawarata ita ce ka rubuta wa bankin tun yanzu, ka haɗa da takardar sallamarka, ka nemi a tsawaita wa'adi ko a rage abin da kake biya duk wata. Idan ba ka hango mafita kusa ba, ka nemi izininsu a rubuce ka sayar da motar da kanka, domin farashin kasuwa yakan fi na gwanjo. Ka kuma duba ko inshorar rancen ta ƙunshi rasa aiki, sannan in sammaci ya zo, ka halarci kotu, don kada a yanke hukunci a bayan idonka.