Katin girafik: a saya yanzu ko a jira sabon fita?

Ka ce mai haɗa bidiyon bikin nan da ya kawo kwamfutarsa jiya ya tambaye ka ko ya canja katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto da bidiyo, yanzu ko ya dakata sai sababbi sun fito, kai kuma ka ce masa ya bari sai Oga ya zo. Ka yi daidai da ba ka yi masa kame-kame ba. Ajiye sukudireban nan ka matso kusa, don tambayar nan za ka yi ta jin ta muddin kana cikin sana'ar.

Kafin a yi maganar jira, sai ka tabbatar katin ne ma ke da laifi. Kunna kwamfutar, buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna yawan aikin da kowane ɓangare ke yi, sa shi ya buɗe aikin da yake kuka da shi. Idan katin na kusan ɗari bisa ɗari kuma ma'adanarsa, wato ram ɗin da ke jikin katin, ta cika, to shi ne. Idan kuwa katin na hutawa a kashi arba'in, furosesa ce ke haki, ko ram giga 8 ne kawai a ciki, ko har yanzu tsohon hadis mai juyawa yake amfani da shi maimakon SSD, to ko katin dala dubu ka sa masa zai dawo ya ce ka cuce shi. GTX 1650 ne a jikin tasa, na 2019, giga 4 gare shi, ga shi yana son yanka bidiyon 4K. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, katin ya gaza.

To, batun jira. Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GTX da RTX, takan fitar da sabon jeri kusan duk bayan shekara biyu: RTX 30 a Satumban 2020, RTX 40 a Oktoban 2022, RTX 50 a Janairun 2025. Abin da masu jira ba sa lura da shi, manyan ne ke fara fitowa. RTX 4090 ya fito a Oktoban 2022 a kan dala 1,599, amma 4060, wanda shi ne daidai aljihun yawancin kwastomominmu, sai Yunin 2023. A jerin 50 ma 5090 ya zo a Janairu, 5060 sai Mayu. Ƙara a kan haka watannin da kaya ke yi kafin su iso kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su taho Kano, farashinsu ya kwanta. Wanda ya ji labarin sabon kati a intanet ya ce zai jira wata ɗaya, sau da yawa rabin shekara ko fiye yake yi.

Sannan farashin da kamfani ke faɗa a ranar sanarwa na takarda ne. RTX 3080 an ce dala 699, amma a 2021 masu haƙar kirifto suka wawushe shi, aka riƙa sayar da shi ninki biyu. Bai sauko sosai ba sai a 2022, shekarar da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin girafik a watan Satumba. Mu nan kuma muna da namu ciwon daban, wato canji. A farkon 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya riƙe nairarsa a lokacin yana jiran katin da zai fi na da da ɗan kaɗan, kuɗinsa ne suka narke a hannunsa. Saboda haka idan kwastoma ya nace sai ya jira, ka tambaye shi a wane kuɗi yake ajiyar.

Kada kuma talla ta ruɗe ka. Da Jensen Huang, shugaban Nvidia, ya gabatar da RTX 5070, cewa ya yi ƙarfinsa ya kai na 4090 a kan dala 549. Maganar ta dogara ne kan dabarar da katin ke ƙirƙiro ƙarin hotuna tsakanin na asali a cikin wasanni. Da aka gwada shi a aiki tsagwaronsa, ɗan abin da ya ɗara 4070 Super bai taka kara ya karya ba, kuma giga 12 gare shi, 4090 kuwa 24.

Ni dai ga ma'aunina. Jira yana da amfani ne idan abu uku sun haɗu: katin da ke hannu yana yin aikin ko da a hankali, kamfani ya sanar da ranar fitowa da farashi da bakinsa, ba jita-jitar YouTube ba, kuma wanda zai fito ɗin na ajin kuɗin kwastoman ne, cikin wata biyu. Ko bai sayi sabon ba, fitowarsa kan sa na hannu su yi sauƙi. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun, a saya. Mutumin nan da kwamfutar yake ci, kowane bidiyon amarya da ya makara kuɗi ne ke tafiya wurin wani.

Wajen zaɓi, fara duba ma'adanar katin kafin lambarsa. Giga 8 ya ishi mai wasa a allon 1080 da mai Photoshop da CorelDRAW. Mai 4K a DaVinci Resolve, ko mai Blender da Lumion, kada ya sauka ƙasa da 12, in da hali 16. Ma'adana idan ta cika, katin kan koma aro daga ram ɗin kwamfuta, nan ne hoto ke sarƙewa ko manhaja ta rufe kanta. Shi ya sa tsohon RTX 3060 mai giga 12 har yau yake da daraja a wurin masu bidiyo. RTX 5060 Ti iri biyu ne, mai 8 da mai 16, bambancinsu dala 50 ne a farashin kamfani lokacin da suka fito a 2025, kuma kwalayensu kusan iri ɗaya, don haka ka karanta da kyau. Kamfanin AMD, abokin hamayyar Nvidia, na da RX 9060 XT mai giga 16 da aka sa wa dala 349, yana da kyau ga wasa, sai dai manhajojin zane da yawa sun fi jituwa da CUDA, fasahar lissafi ta katunan Nvidia. Arc B580 na Intel, giga 12, ya fito a 2024 a kan dala 249, araha ne, amma idan madabod ba ta da Resizable BAR, wato saitin da ke ba furosesa damar amfani da dukan ma'adanar katin kai tsaye, ƙarfinsa faɗuwa yake yi. A tsohuwar kwamfuta kada ka fara.

Yanzu buɗe akwatin ka duba fawa, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, don nan ne yara ke ƙona kayan mutane. Ramin madabod yana ba da wat 75, waya mai fin 6 wat 75, mai fin 8 wat 150. Katin 1650 bai wuce 75 ba, shi ya sa yawancinsu ba su da waya. RTX 3060 na cin 170, 5060 Ti 180, 5070 kuwa 250, kuma kamfani ya ce a ba shi fawa mai wat 650. Kwamfutocin ofis irin na HP da Dell da ake shigowa da su, fawarsu ƙarama ce, filoginta ma nasu ne na musamman, ba kowace za ta shiga ba. Kada ka yi dabarar jona adafta daga wayar SATA zuwa fin 8, zafi take yi har ta narke. Idan katin mai fin 16 ne, tura filogin har sai ka ji ya yi ƙas, kada ka lanƙwasa wayar dab da bakinsa. Rashin shigarsa sosai na cikin abin da ya narka filogin 4090 da dama. Auna tsawon akwatin da tef ma, kati mai fanka uku yakan kai santimita 30.

Ka tuna wa kwastoman da wutarmu. UPS mai lamba 650VA ba ta kai wat 400 na gaske ba, ba za ta riƙe irin wannan kwamfutar ba idan an ɗauke. In da inbata ko ƙaramin janareta yake aiki, katin da bai cin wuta da yawa ya fi masa, ko da ya ɗan gaza a gudu.

Idan na hannu zai saya, ba a biya sai an gwada. Manhajar GPU-Z za ta nuna maka ko sunan da ke jiki shi ne na ciki, domin akwai tsofaffin katuna da ake canja wa suna. Sa FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki don gwaji, na minti ashirin zuwa talatin. Zafi ya zauna ƙasa da digiri 85, fankoki su juya babu ƙara, allo kada ya nuna ɗige-ɗige ko layuka masu launi. Irin waɗannan layukan alamar ma'adana ce ta fara mutuwa, gyaranta kuma ba na teburinmu ba ne. Gwada kowace ƙofa, HDMI da DisplayPort, ɗaya bayan ɗaya. In zafi ne kawai ya yi yawa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe shi ko man da ke kan cif ya bushe, wannan kuwa aikin rabin awa ne.

Kira mai bidiyon ka ce ya zo da kuɗin mai giga 16 da na sabuwar fawa mai wat 650. Kafin ka zare tsohon katin, goge direbansa da manhajar DDU, kuma idan ka gama ka jona wayar allo a jikin sabon katin, ba a madabod ba.