Na tsine wa ɗana cikin fushi, ko bakina ne ya kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗa mai shekara 15 da ba ya jin magana. Idan ya kai ni bango sai in ji na ce masa "Allah ya tsine maka" ko "ba za ka ga da kyau ba", in na huce kuma in zauna ina kuka. Yanzu karatunsa ya ja baya, ya kama miyagun abokai, yayata ta ce bakina ne. Gaskiya ne? Akwai kaffara a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya shirya miki shi.

Yi wa ɗa mummunar addu'a haramun ne, ko da ya yi laifi. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa a wata tafiya wani mutum ya la'anci raƙuminsa don ya yi masa gardama. Annabi (SAW) ya sa shi ya sauka, sannan ya hana mutane yin mugun baki a kan kansu da 'ya'yansu da dukiyarsu, kada su dace da lokacin da Allah yake amsa addu'a. Raƙumi ne fa aka tsine wa, ina ga ɗan da kika ɗauki cikinsa? Ga kuma hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya kawo, wanda ya sa addu'ar mahaifi a kan ɗansa cikin addu'o'i uku da ba a shakkar karɓarsu. Labarin Juraij mai ibada ma, wanda bakin mahaifiyarsa ya kama, yana cikin Bukhari da Muslim.

Amma maganar yayarki cewa lallai bakinki ne, wannan yanke hukunci ne a kan gaibu, kuma ba ta da wannan ilimin. Ki duba aya ta 11 a Suratu Yunus, inda Allah ya ce da yana gaggauta wa mutane sharri yadda suke neman gaggawar alheri, da tuni an gama da su. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya fassara ta da irin abin da mutum yake faɗa wa ɗansa ko dukiyarsa in ransa ya ɓaci. Wato cikin rahamarsa, Allah ba ya karɓar duk abin da harshe ya furta cikin fushi. Haɗarin yana nan, tabbas ɗin ne babu. Yara da yawa a wannan shekarun sukan karkace ba tare da kowa ya tsine musu ba.

Abin da na fi ji miki tsoro ma shi ne kunnen yaron. Wanda kullum yake jin uwarsa tana cewa ba zai yi albarka ba, a ƙarshe yakan yarda, ya daina ƙoƙari, ya tafi inda ake sakar masa fuska.

Babu kaffarar azumi ko ciyarwa a kanki, domin wannan ba rantsuwa ba ce. Tuba ce ta wajaba, kukan da kike yi kuwa nadama ce, ita ce ƙashin bayan tuba. Sannan ki roƙi Allah ya juya abin da kika faɗa ya zama alheri. Annabi (SAW) da kansa ya roƙi Ubangijinsa cewa shi mutum ne, duk muminin da ya zaga ko ya la'anta, Allah ya mayar masa da hakan rahama da tsarkakewa da kusanci. Wannan ma Muslim ne ya ruwaito.

Ki samu lokacin da ku biyu ne kawai, ki gaya masa kin janye maganganun nan, ki sa masa albarka ya ji da kunnensa. Hakan ba zai zubar miki da girma ba, kuma bai hana ki tsawata masa gobe in ya yi ba daidai ba. In fushi ya taso, ki yi a'uziyya, in kina tsaye ki zauna, ki kame bakinki, duk sun zo a hadisi. In kuwa dole sai magana ta fito, ki saba wa harshenki da "Allah ya shirye ka". Batun abokan nasa kuma, ki sa mahaifinsa ko wani babba da yake jin nauyinsa a ciki, kada ki ɗauki kayan ke kaɗai.

Wallahu a'alam.