Amsa ga mai tambaya kan jarumi nagari da mugu

Salam ɗan uwa, ka tambaya wa ya fi dacewa ya ceci duniya a irin labaran nan da mata ke kewaye namiji ɗaya, mutumin kirki ko mugu. Na jima ina bin su, na Japan da na Sin da ake fassarawa, ko a shago nan Tudun Wadan Gombe in kasuwa ta yi sanyi waya ce a hannuna.

Na Japan yawanci yaron kirki ne, mota ta kaɗe shi ya farka a wata duniya, ga kunya kamar sabuwar amarya, mata huɗu biyar na binsa ya kasa buɗe baki ya ce ga wadda yake so. Ana ce masa salihi, ni wallahi ban yarda ba, ka bar yarinya tana jiranka babi 300 ba eh ba a'a ai zalunci ne, kuma sau da yawa shi ɗin ne zai shiga kasuwar bayi ya sayo yarinya, marubuci ya ce wai taimakonta ya yi. Na Sin kuwa ba ruwansa, an yi masa kallon raini a gidan abinci sai ya shafe dangin wanda ya raina shi kaf, daga baya a ce ya ceci duniya. Don ya mallake ta ya cece ta fa.

Shi ya sa na daina ƙirga dodannin da jarumi ya kashe, matan nake dubawa. Akwai wadda ta taɓa ce masa ba ka kyauta ba ya saurara? In ɗaya ta ce ta gaji za ta koma gidansu, zai bar ta ta tafi lafiya? Nan nake gane halinsa, ba a filin daga ba.

Ko namu na gida ku duba. Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, mutanen Daura suka huta da jiran Juma'a kafin su ɗebi ruwa, ya auri Daurama, aka ba shi Bagwariya, amma kafin nan ya bar 'yar Sarkin Borno da ciki a Garun Gabas ya yi gaba. Tun muna firamare macijiyar ake ta ba mu labari, baiwar Allahn nan 'yar Sarkin Borno kuwa a layi ɗaya ake wuce ta, kuma ita ce ke tsaya min a rai.

In rubutawa za ka yi, ka ba jaruminka laifi na gaske ba komai, amma don Allah ka bar ɗaya daga cikin matan ta tsare shi da shi gaban jama'a, kuma kar ka sa ta yafe a babi na gaba.