Me ya sa maganin ciwon gwiwa yake cin ciki?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ta daɗe tana shan diclofenac da muke sayo mata a kemis. Yanzu an ce gyambon ciki ya kama ta, kuma maganin ne sila. Shin masana sun kasa haɗa maganin da zai kashe ciwo bai taɓa ciki ba? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, Malam. Ba a kasa ba, amma aikin yana da wuya.

A jikinmu akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki haɗa wasu sinadarai, mai suna COX, shi ke ƙera sinadaran da ke kawo kumburi da zogi. Aspirin da ibuprofen da diclofenac duk toshe shi suke yi. Wani masanin magunguna mai suna John Vane ne ya gano haka a Ingila a 1971. Sai dai sinadaran nan su ne kuma ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke cikinsa, suna kuma taimakon ƙoda. Ka toshe su wata da watanni, gwiwa ta lafa, ciki ya rasa garkuwa.

Wajen 1991 aka gane COX iri biyu ne: COX-1 mai tsaron ciki, da COX-2 mai tashi idan an sami kumburi. Masana suka dukufa neman abin da zai kama na biyun shi kaɗai, aka sami celecoxib da Vioxx. Ciki ya sami sauƙi, amma a 2004 aka janye Vioxx daga kasuwa saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa yanzu ake gwada magungunan da za su toshe wasu inzayim ɗin daban, irin su mPGES-1. Kafin sabon sinadari ya zama magani sai an gwada shi a ɗakin bincike, a ɓeraye, sannan a mutane mataki-mataki, abin da kan haura shekara 10, kuma yawancinsu a hanya suke faɗuwa. Ko a Jami'ar Ahmadu Bello masana magunguna na gwada tsirranmu a ɓeraye, kuma wannan matakin farko ne kawai.

Ina roƙonka, a dakatar da diclofenac ɗin nan, da haɗin ciwon jiki na kemis, don sau da yawa akwai irinsa a ciki. A kai Mama ta ga likita ya duba ƙodarta da hawan jini kafin ya sauya mata magani. In kun ga baƙin bayan gida ko aman jini, ku wuce asibiti a ranar.